Mutanen Fulawa a Gidan Madam

Ni ban yi boko ba, kuma ban taɓa jin kunyar haka ba. Faɗa nake ana rubutawa, na kuma ce a sa maganar yadda ta fito daga bakina. Sunana Kulu. Bagobira ce ni, ga tsagena nan tun daga baki har kunne, amma a Funtua na yi aure na shekara arba'in. Can aka san ni da alkaki da dubulan. In aka kai gara a unguwarmu ba a ga alkakina a ciki ba, dangin ango sai sun yi magana.

Yadda na bar gida, a bar wannan. Mijina Malam ya rasu, 'ya'yana mata biyu suna ɗakunansu, na sayar da abin da zan sayar na tafi Umra. Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne ban tafi da niyyar dawowa ba. So nake in ƙarasa kwanana a can, in mutuwa ta zo a sallace ni a Harami, a binne ni a ƙasar. Burin nan kaɗai ya kai ni, shi kuma ya zaunar da ni shekara goma sha ɗaya.

Da muka gama Umra, mutumin da ya kawo mu, wani mai siririn gemu da ba ya rabuwa da carbi, ya karɓi fasfo ɗinmu mu huɗu ya ce zai samo mana kafili, mai tsaya mana, a yi mana iƙama, wato takardar zaman ƙasa. Ya sa mu a mota zuwa Jidda, ya sauke mu bakin wani lungu a unguwar Karantina, ya ce mu ba shi kwana uku. Har yau da nake maganar nan ban sake sa shi a ido ba. Ɗaya daga cikinmu ta zauna a ƙasa tana kuka. Ni ban yi kuka ba. Na tsayar da wata mata mai tallan gyaɗa na yi mata sallama da Hausa, ta amsa da Hausa, ta dube mu ta ce, "Sababbi ne ku? Ya tafi da fasfo ko?" Ko mamaki ba ta yi ba.

A Karantina na fi daɗewa. Ɗaki ɗaya mu shida, rufin kwano, ga zafin Jidda mai danƙo wanda ko wanka ka yi kafin ka ɗaura zani ka sake jiƙewa. Wata Babarbariya da muke ɗaki ɗaya ta koya mini gireba, ni kuma cikin wata biyu na fi ta, ita da kanta ta faɗa. Na sa aka yanka mini ganga aka yi mini murhun gashi, ina yi wa masu biki da masu suna. Da haka na ci na sha, ban roƙi kowa ba, ban taɓa zama a ƙofar masallaci na miƙa hannu ba, duk da na ga waɗanda suka fi ni gata a gida suna yi. In aka ce ga motar jawazat, masu kamen marasa takarda, sai ka ga tsofaffi muna gudu muna shiga gidajen mutane. Sau biyu na kwana biyu ban fita ba. Abin da ya fi damuna ba shi ba ne. Ruwan sama na yi kewa, irin namu mai zuwa da ƙamshin ƙasa. Na can in ya sauka sai lungu ya cika da ƙazanta.

Da farko nakan samu in shiga Makka da azumi, ta hanyar bayan dutse da direbobi suka sani. Daga baya aka tsananta shingaye, na yi shekara huɗu ban ga Ka'aba ba, alhali tana nan tafiyar da ba ta kai ta Funtua zuwa Zariya da komowa ba. Amma ina ƙasar. Na ce wa kaina ko a Jidda na mutu, ai ƙasar ce.

Sai shekarar da aka rushe Karantina. Aka zo aka yi rubutu a bangon gidanmu, waɗanda suka iya karatu suka ce an ce a tashi. Bayan 'yan kwanaki aka yanke wuta da ruwa. Na ɗauki abin da kaina zai iya ɗauka, gangar gashina na bar ta a tsakar gida. Na koma Nuzla wurin wata 'yar Damagaram, ban cika wata uku ba rubutun nan ya biyo mu can. Masu takarda suka kama haya a wasu unguwanni. Mu marasa ita ba mai ba mu ɗaki, domin mai gidan da ya saukar da mu shi ma laifi ne a kansa.

Ummu Faisal ce ta ɗauke ni. Bahaushiya ce haifaffiyar Jidda, kakanta ne ya zo aikin Hajji da ƙafa bai koma ba. Ni na yi mata dubulan lokacin bikin 'yarta, tun daga nan take kirana Khala, wato inna. Suna zaune a Bani Malik, hawa na uku, ita da mijinta da 'ya'ya da mahaifiyarta da ta shekara uku kwance ba ta tashi. Na yi wata guda ina kwana a kicin ɗinta. Mijin mutumin kirki ne, amma na ga yadda yake tsayawa cak duk lokacin da aka ƙwanƙwasa ƙofa. Su ma da iƙama suke zaune, ba 'yan ƙasa ba ne.

Wata safiya ta zaunar da ni ta ce an samo mini aiki a kamfaun ɗin Turawa, unguwarsu mai katanga, can arewacin gari, gida mai ɗakin 'yar aiki. In na shiga ba sai na riƙa fita ba, kuma jawazat ba sa bi gida-gida a can. Sai dai ba a shiga sai an nuna iƙama a ƙofa. Ta ciro wani kati daga jakarta ta ajiye a gabana.

"Ta Ummi ce," in ji ta. "Ita ba inda take zuwa. Ki sa niƙabi, ki miƙa, ki yi shiru. Su masu gadi, tsohuwa baƙa duk ɗaya ce a wurinsu."

Na ce in an gane fa?

"In an gane, ya Khala, mushkila ce babba. Mu duka tarhil, har Ummi a kan gadonta. Ki yi mini rai, ba ki san mu ba, halas."

Tarhil shi ne a kama mutum a mayar da shi ƙasarsu. Ita kuwa ba ta ma taɓa ganin ƙasar da za a ce tata ce ba. Na ce mata ni Kulu ba a yi mini gargaɗi sau biyu.

Yadda ta faɗa haka aka yi. Mai gadi ya karɓi katin ya rubuta wani abu ya miƙo mini, ko ɗago kai bai yi ba.

Matar gidan Baturiya ce, muna ce mata Madam. Mijinta injiniya, 'ya'yansu biyu suna makaranta a cikin kamfaun ɗin. Ba ta jin Larabci sai 'yan kalmomi, ni kuma Turanci ko na gaisuwa ban iya ba. Mai haɗa mu ita ce Marisa, 'yar Filifin da ta shekara takwas tana yi musu aiki. Da Larabcin kicin muke magana ni da ita, rabi da baki rabi da hannu. Mama take kirana. Ɗakina ƙarami ne a bayan kicin, amma da ƙofa, da makulli a hannuna, da na'urar sanyi. Shekara goma rabona da in rufe ƙofa in zauna ni kaɗai. Na shimfiɗa dardumata na ce in Allah ya yarda nan ne zangon ƙarshe.

Wanke-wanke da guga aka ɗauke ni, amma ranar da na yi musu gireba Madam ta ci uku a tsaye, daga ranar duk abin da ya shafi fulawa ya dawo hannuna. Na yi wata shida lafiya.

Da sanyi ya shigo, irin ɗan sanyin Jidda da ba ya sa mutum neman bargo, sai gidan ya rikice da shirin Kirsimeti. Ni ba baƙona ba ne. A Funtua muna da maƙwabciya matar malamin asibiti, duk shekara takan aiko mana da shinkafa, mu ma mu aika mata da naman layya. Sallarsu ce, kowa da tasa. Madam ta kafa itacen roba a falo, ta shigo kicin da wani tsohon littafi duk maiƙo ta ce na kakarta ne, za mu yi biskit ɗin da suke yi a garinsu.

Na tsaya na ga abin da ake zubawa. Fulawa, bota, ƙwai, suga mai ruwan ƙasa kamar mazarƙwaila, da wani baƙin maɗi mai kauri daga kwalba. Sai garin citta da kirfa da kanumfari. Da ƙamshin ya tashi sai da na dafa tebur, domin ƙamshin shayin Malam ne sak, wanda nake dafa masa in mura ta kama shi. Na ɗanɗani ƙullin na ce wa Marisa ta gaya wa Madam cittar nan ta mutu a kwalba, ba ta da rai. Madam ta nuna mini littafin. Na ce ni ban san littafi ba, harshe na sani. Na ɗauko busasshiyar cittata na daka na tankaɗe na ƙara. Da aka gasa na farko ta ci, sannan ta ɗauki biro ta yi rubutu a gefen na kakarta. Marisa ta ce sunana ta rubuta. Ta riƙa tsokanata tana cewa Mama ta shiga littafin Turawa.

Kwana uku muna yi. A kwaɓa, a sa a firji ya huta, a murza da faɗi, a yanka da wasu 'yan ƙarafa masu siffa: tauraro, itace, ƙararrawa. In sun huce sai ado. Garin suga ake kaɗawa da farin ƙwai har ya yi kauri, a raba, a ɗiga wa wani kore wani ja, a zuba a leda a yanke bakinta ɗan mitsitsi a riƙa matsawa. Na ce ashe lalle ne. Hannun Madam rawa yake, na Marisa sauri ya yi masa yawa. Ni kuwa da na karɓi ledar na zana wa tauraro irin zanen da muke yi wa ƙwarya, Madam ta ɗauki hotonsa ta tura wa uwarta. Marisa tana murza ƙulli tana share ido da kafaɗa, ta ce Kirsimeti takwas ke nan ba ta yi da 'ya'yanta ba. Na karɓi murjin na ce ta je ta wanke fuska.

Ranar da abin ya faru Alhamis ce. Jiyanta ina can ina fama da labule, ashe Madam da Marisa sun gasa wasu. Da na shigo kicin da safe na ga tire huɗu a jere, na yaye ƙyallen da aka rufe su. Mutane ne. Ga kai, ga hannuwa a buɗe, ga ƙafafu, sun yi sahu-sahu sun kai sittin. Madam ta shigo da fara'a, ta ɗauki ɗaya ta yi masa ido biyu da baki da maɓalli uku a ƙirji, ta ajiye a gabana ta nuna sauran. Marisa ta ce na yaran makaranta ne, da la'asar za a yi musu walima a babban zauren kamfaun, kuma Madam ta riga ta yi wa ƙawayenta alfahari da hannuna. Suka ɗauki kayan ƙawata zaure suka fita su biyu, suka bar ni da mutanen nan.

Na ja kujera na zauna. Tun ina yarinya aka gaya mana wanda ya ƙera siffar mai rai, ran gobe za a ce ya hura mata rai, kuma ba zai iya ba. Tauraro da itace ba komai. Amma ido da baki a jikin mutum, da hannuna, ni da na bar 'ya'yana na zo jiran mutuwa a ƙasa mai tsarki? In kuma na ƙi, na kunyata matar da ta ba ni ɗaki a gaban ƙawayenta, ba ni kuma da bakin da zan yi mata bayani. Wadda aka sallama daga kamfaun titi za ta, kuma na san abin da ke titi.

Sai na tuna da Malam. Shago gare shi, kuma duk shekara kamfanoni kan ba shi kalanda mai hotuna. Ba ya yar da ita. Zama yake da biro da ɗan katako, duk hoton mutum ko na dabba ya ja masa layi a wuya. Ko tsuntsun da ke jikin buhun shinkafa bai bari ba. Yakan ce in aka raba kai da gangar jiki, abin ya tashi daga mai rai, ya zama kamar itace. Haka na ga mahaifina yana yi, haka malaman zaure da yawa suke yi a wajenmu. Na ji kamar an sauke mini kaya. Madam za ta sami ido da bakinta, ni kuma in tsira.

Na gwada da farin suga a kan ɗaya, sai ya fito kamar wuyan riga, na ce wannan ba rabuwa ba ce, yaudarar kai ce. Kore ya ƙare a itatuwan jiya. Saura ja. Na yi musu ido, na yi musu baki suna murmushi, na jera maɓallai, na yi wa hannu da ƙafa ado kamar na bakin zani. Sannan na bi su ɗaya bayan ɗaya da bisimilla ina ja musu jan layi daga wannan gefen wuya zuwa wancan. Jan ya fi sauran ruwa, ga zafin obin bai gama fita daga kicin ba, sai ya riƙa ɗan gangarowa kan ƙirji. Na gani, ban ɗauke shi komai ba. Har na ce a raina ya yi kamar murjani, ƙila ma Madam ta zaci sarƙa na yi musu. Wallahi aikin ya yi kyau. Har yanzu ina nan a kan bakana, ban taɓa yin ado mai tsabta kamar na ranar ba.

Bayan azahar Madam ta dawo ɗaukar su, ba tare da Marisa ba. Tare take da wata doguwar Baturiya maƙwabciyarta, wadda dama ba ta amsa gaisuwata. Suka shigo suna dariya, suka tsaya kan tiren, dariyar ta ɗauke. Madam ta nuna wuyan ɗaya ta dube ni tana magana, na gane tambaya take. Na nemi kalma na rasa. Sai na nuna biskit ɗin na ce haram, sannan don ta fahimci gyaran da na yi, na ɗaga yatsana, duk ja a jikinsa, na ja shi a wuyana daga kunne zuwa kunne. Har da murmushina.

Doguwar ta finciki hannun Madam suka fice. Na ji an murɗa makullin kicin ta waje.

Ban daɗe a tsaye ba aka buɗe. Masu gadi biyu ne, shugabansu Balarabe, da wani baƙi mai furfura a gemu. Turawan suna bayansu, doguwar tana ta zuba. Mai furfurar ya leƙa tiren, ya dubi hannuna, ya daɗe yana kallon tsagena. Sai na ji ya ce, "Inna, ke kika yi wannan aiki?"

Wata shida rabona da jin Hausa ido da ido. Irin ta mutanen Sudan ce, waɗanda kakanninsu suka yada zango a hanyar Hajji. Ya ce sunansa Abakar. Na faɗa masa komai, tun daga kalandar Malam. Ya sa hannu ya shafi gemunsa, na ga yana danne dariya.

"Kakata haka take yi wa gwangwanin madara," in ji shi. "Amma Inna, a ƙasar nan, a gidan Nasara, da jan abu? Matar can cewa ta yi kin ce za ki yanka su."

Na ce ni da ko kaza ba na iya kallon yankanta.

Ya juya ya yi wa shugabansa bayani da Larabci, ya yi wa Turawan da Turanci, yana kwatantawa da biro a tafin hannunsa. Madam ta zauna a kujerata ta rufe baki, kafaɗunta na rawa, ban san ko dariya take ko kuka ba. Ta tashi ta kama hannuna tana ta maimaita kalma ɗaya. Na ce to, an wuce wurin.

Ashe ba a wuce ba. Tunda an kira su, sai sun rubuta, kuma ba sa rubutu sai da takarda. Shugaban ya miƙo hannu ya ce iƙama. Na shiga ɗakina na ɗauko na ba shi. A cikin gida nake, ba niƙabi a fuskata. Ya dubi katin, ya dube ni, ya miƙa wa Abakar. Abakar ya yi ƙasa da murya.

"Inna, matar da ke jikin katin nan ba ta da tsage."

Na ce na sani.

Madam ta shiga tsakani, ta yi magana har muryarta ta dushe, ta kira mijinta a waya. Shugaban bai ɗaga mata murya ba, ya ce abin ya fi ƙarfinsa, ya riga ya sanar. Sannan ya ce a tambaye ni wa ya ba ni katin. Abakar ya fassara, ya ƙara da nasa, ya ce in yi tunani kafin in amsa, duk wanda na ambata shi da gidansa ne. Ya ce in ce tsinta na yi a hanya.

Na yi tunanin. In na ce tsintuwa, za a je a tambayi masu shi me ya hana su cigiya wata shida. Amma abin da aka zare daga ƙarƙashin matashin majinyaciyar da ba ta fita, ba wanda zai lura ya ɓata. Na ce ya gaya masa na je gidan aikin dubulan ne, na ga tsohuwa kwance, na sace.

"Inna, kin san abin da kike cewa?"

"Faɗa masa yadda na faɗa maka. Sata na yi."

Ni da na shekara arba'in ana ba ni makullin ɗakin amare in shiga in jera gara, ko allura ba a taɓa nema an rasa ba. Ya faɗa. Na ga lokacin da Madam ta saki hannuna.

Kafin motar 'yan sanda ta zo Marisa ta iso da gudu, wani ya kai mata labari a zaure. Ba ta tambayi kowa komai ba. Ta shiga ɗakina ta haɗo mini kaya a jaka, ta sa dardumata a sama, ta cusa ledar taurarin da na yi wa zane. Ta kama hannuna na dama, da jan da komai, ta ɗora a goshinta, yadda suke yi wa iyayensu. Ban san abin da aka yi da mutanen fulawar ba, ko an ba yaran ko an zubar.

A ofishin 'yan sanda aka kira mijin Ummu Faisal. Ya zo da farar jallabiya, ya ce lallai na taɓa yi musu aiki, ba su san katin ya ɓata ba, kuma ya yafe, ba ya neman komai. Ya karɓi katin surukarsa ya fita bai dube ni ba. Haka ya kamata ya yi. Na yi 'yan kwanaki a tsare, sannan aka sa mu a doguwar mota zuwa gidan tarhil.

Gidan yana kan hanyar Makka. Ɗaki ne babba mai gadaje hawa biyu, cike da mata, Habashawa da 'yan Indunusiya da namu. Aka ɗauki hoton yatsuna goma da na idona. Wata 'yar Agadas da ta taɓa shiga ta ce wannan shi ne rufe ƙofa, ko da sabon fasfo na zo na'ura za ta gane ni, sai bayan shekaru. Ta faɗi yawansu. Na ce mata wannan lissafin masu ƙuruciya ne. Ita ce kuma ta kai ni bakin taga ta nuna mini wasu duwatsu ta ce daga can iyakar Harami ta fara. A shekara huɗu ban taɓa kwana kusa da Makka kamar haka ba.

A mako na biyu zazzaɓi ya kama ni, mai tsanani, da tari har ina ganin duhu. Matan suka ce wanda ya mutu a nan ba a ɗaukar gawarsa zuwa gida, a nan ƙasar ake binne shi. Da na ji haka sai hankalina ya kwanta. Na raba taurarin nan ga 'ya'yan Habashawan da ke kusa da gadona, na ba 'yar Agadas zanina mai kyau, na ce ta kira 'ya'yana ta ce na yafe musu su ma su yafe mini. Na daina karɓar abinci. Na juya fuskata wajen duwatsun ina jira.

'Yar Agadas ce ta je ta yi ta bugun ƙofa har aka zo da likita. Wata yarinyar mace ce mai sanyin hannu, ta kira ni Hajja, ta yi mini allura, ta sa mini ruwa a jijiya, ta dawo washegari ta sake. Ban iya ce mata ta bari ba, ba a faɗin haka. Kwana tara ina kwance. Ran na goma na farka da asuba jikina sakayau, da wata irin yunwa da ban taɓa ji ba. Aka kawo gurasa da wake, na cinye, na karɓi na maƙwabciyata na ƙara. Matan suna ta yi mini barka da arziki, ina amsawa.

Ran Talata aka kira sunana cikin masu jirgin Kano. Na naɗe dardumata, na tashi da ƙafata na hau mota.